Ƙyaure a Kan Kujeru Biyu

Tsohon ƙyauren ɗakin girki na kwantar
a kan kujeru biyu, can sama ƙarƙashin rufi,
inda mai tsayina sai ya sunkuya.
Tsawonsa taku bakwai, faɗinsa uku.
Iyakar duniyar da zan gina ke nan.

Wata uku yana nan tsirara.
Ga layin dogo a kwali, siriri kamar tsinken tsintsiya,
ga gam, ga fenti, ga soson da zan yayyaga ya zama itatuwa,
amma ko ƙusa ɗaya ban buga ba.

A ƙungiyarmu ta daren Laraba
kowa ya san inda ya dosa.
Hywel ya ɗauki tsaunukan Suwizalan,
shi da bai taɓa ƙetare teku ba.
Meurig na jan taragu arba'in a hamadar Amurka
cikin garejin surukarsa.
Suka ce, Emlyn, abu uku ne kawai:
wane wuri, wace shekara, me jirgin ke ɗauka.
Tsayar da su, saura duk aikin yatsu ne.

Wuri bai ba ni wuya ba.
Kwarinmu ne, nan kudancin Wales,
inda tumaki ke saukowa farare su koma ruwan toka.
Kaya kuwa, kwal.
Me muka taɓa aika wa duniya in ba kwal ba, sai samari?

Shekarar ce ta tsaya mini a maƙoshi kamar ƙayar kifi.

In na ce hamsin da bakwai,
kan jirgin na tururi ne, baƙi wuluk,
yana tari kamar mazan layinmu da asuba.
Mahaifina Idwal na tsaye a dandamali,
gwangwanin abinci a hammata, hula ta karkace.
Amma Glenys tana can wani gari,
ba ta ko san da sunana ba.

In na ce sittin da uku,
jirgin dizal ne, kore, tarago biyu.
Daga na baya ta sauko da akwati ɗaya da karyayyar lema,
ta tambaye ni hanyar makarantar da za ta koyar,
na nuna mata hanya mafi nisa.
Amma shi, shekara huɗu ke nan
da ƙurar rami ta gama da huhunsa.

Meurig ba ya wasa da irin wannan.
Ya taɓa gaba da mutum mako biyu
a kan fitilar titi da ta riga zamaninta zuwa.

Ranar Asabar jikata Siwan ta hawo tsani.
Shekararta tara, ba ta san tururi ba sai a buta.
Ta zazzage jakar mutanen roba,
kowannensu bai kai ƙwayar wake ba,
ta tsinto mai hula, ta tsinto mai akwati,
ta tsayar da su kafaɗa da kafaɗa
a kan katakon da ba tasha, ba layi, ba komai.
Na ce, ai waɗannan ba su taɓa haɗuwa ba.
Ta ce, to ga shi yau.
Ta sauka shan shayi.

Daren nan na buga ƙusar farko.
Dandamali na fara yi, na ƙara masa tsawo,
kowane jirgi ya iso ya samu wurin tsayawa.
In Meurig ya tambayi shekara
zan ce masa Talata ce, ana yayyafi.

Na gama hular, na karkata ta yadda take.
Burushi na hannuna tun ɗazu, fenti na bushewa.
Rigar sanyin da ta sauko da ita ran nan,
shuɗiya ce ko ruwan ƙasa?
Babu sauran wanda zan tambaya.