Tambaya Goma a Bajoga

Mu goma sha huɗu aka zaɓo,
aka zuba mu a ɗakin da ke bayan sito,
fanka na juyi kamar mai gyangyaɗi,
garin siminti har a gashin ido.
An ce wai ina da bakin lallashi.
Ni ban san inda suka gani ba.

Malama Rifkatu ta taso daga Gombe
da jakar buhu cike da takardu.
Ta ce, "Kar ku shinshina bakin kowa.
Ku tambayi kowa, har manaja,
har mai tabon salla a goshi,
har mai jan baiti a majami'a ran Lahadi,
don kar wani ya ce shi aka nuna da yatsa.
Ciwon nan bai zaɓi gida ba."

Ta ɗora ƙwarya a tebur, ta ɗora kwalba,
ta ɗora 'yar ledar nan
da ake yagewa da haƙori a bakin tasha.
Gidado ya ja kujera baya: "A'uzubillahi!"
Ta ce, "Malam, wayam suke.
Amma mai awo sai ya san mudu.
In mutum ya ce maka ɗaya yake sha,
ɗaya ɗin me? Ba ka tambaya ba."

Rana ta biyu aka raba mu bibbiyu.
Ni mai tambaya, Yila mai amsa,
Yila na katafila, shekara ashirin a ramin dutse.
Aka ce ya ƙago wani mutum ya zama shi.
Ya yi dariya, ya ce, "Ku kira ni Wane."

Sau nawa a mako?
"Wane ba ya ƙirge."
Kwalba nawa a zama ɗaya?
"Ran albashi ko ran bashi?"
Muka yi dariya, na rubuta.
Ya taɓa tashi da asuba
sai ya kurɓa kafin hannu ya natsu?
Yila ya tura hannuwansa ƙarƙashin tebur.
"Yakan yi," in ji shi,
kuma wannan karon bai yi dariya ba.

Ta tara na karanto a hankali:
ko wani ya taɓa jin rauni ta dalilinsa?
Fanka ta zaga, ta zaga.
"Bara Wane ya taka ƙafar wani yaro.
Aka rubuta birki ne."

Na san yaron. Na san ƙarar sandarsa a tsakuwa.
Na san takardar birkin,
don ni na sa mata hannu.
Na ji warin a ranar,
na ce ruwan da bai kai ƙofata ba
ina ruwana da shi,
na danna hatimi, ban ɗaga kai ba.

Wa'azi ya taso mini har maƙogwaro,
aya da karin magana suna rige-rige.
Sai na tuna ta ce, "Ku bar shiru ya yi aikinsa.
Ƙaya ba ta fita da tsawa."
Na haɗiye.
Na haɗa lissafi a gefen takarda:
ashirin da biyu.
Na ce, "Ka yarda in faɗa maka abin da ya fito?"
Ya ce, "Ka faɗa wa Wane.
Gobe bayan tashi, gindin dalbejiyar bakin get.
Amma kai kaɗai,
kuma ba da biro ba."

Yau ce goben.
Na sayi shayi kofi biyu wurin Bappa,
na rufe nasa da murfi.
Jiniya ta yi kuka, masu hular kwano na fita,
fari fat kamar an tono su.
Tireloli sun daidaita hanci zuwa Potiskum.
Shayin ya fara yin fata.
Ban hango shi ba tukuna,
ni ma ban tashi ba.