Abin da Wuƙa Ta Tono

Ban taɓa ganin teku ba.
Iyakata Yelwa, bayan kasuwar albasa,
inda Kwara ta yi faɗi har ta manta ɗaya gaɓarta.
Malaminmu ya ce wannan tafki ne, hannun mutum ya tare shi.
Na ce to. Na koma gida na buɗe shuɗi.

Tun bara muka ɓata da burushi.
Duk ruwan da ya zana mini a zaune yake,
ya naɗe ƙafa kamar mai jiran kira a asibiti.
Sai na shimfiɗa ƙyallen a ƙasa,
na tsinka fentin mai da kananzir har ya koma romo,
na ɗaga kusurwa ɗaya da babban yatsan ƙafa,
na bar shi ya nemi gangarensa.

Nomau ya ba ni guntun komarsa da ta ruɓe.
Na danna ta cikin ɗanyen fenti, na taka, na ɗaga,
sai ga idanu dubu, ba mai kallona ko ɗaya.
Ya leƙo ya ce, ina jirgin, ina kifin?
Na ce suna ciki.
Ya ce Allah ya fito da su lafiya,
ya saɓa filafilinsa.

Yashi na gwada, ya zauna.
Tokar murhu ta kashe mini kore.
Ɓawon albasa ya ba ni wani ja na kwana uku, ya zube.
Man gyaɗa kuwa, kada wanda ya kuskura:
wata biyu bai bushe ba,
kiyashi suka kafa layi a tsakiyar tekuna,
Inna Gwamma ta yi dariya har da tari.

Ita kaɗai ba ta tambayi jirgi ba.
Ta kife turmi ta zauna, ta ƙanƙance ido,
ta ce duhun nan na hagu ya yi yawa,
ai nan tsamiyarmu take.

A gungu aka haife ta.
Tana goyon babana ruwan madatsa ya hau.
Ta ce ba da hayaniya ya zo ba,
kowace safiya taki ɗaya:
yau ya sha turken akuya,
gobe duwatsun murhu,
jibi ana neman inda aka binne uwarta
da tsinin gora.

Daren nan na niƙa jar ƙasa da mai,
na zana gungun yadda ta faɗa,
rumbu uku, tsamiya, ɗakin da ƙofarsa ke duban gabas.
Na jira ya bushe.
Sannan na rufe shi.
Shuɗi, mako guda. Kore mai duhu, wani makon.
Toka-toka, baƙi, shuɗi kuma,
fari na watsa da tsintsiya inda iska ke tsaga ruwa.
Shafi bakwai. Hannuna na rawa a na biyar.

Kafin na ƙarshe ya kama jikinsa
na ari wuƙar da take feɗe ƙarfasa da ita,
na ja sau ɗaya, a karkace,
kamar mai kankare ƙanzo.
Wani siririn ja ya buɗe ido daga ƙasa.
Ba rumbu ba ne, ba ƙofa ba,
ja ne kawai, tsawon ɗan yatsa.

Wani mai mota daga Birnin Kebbi ya tsaya ya daɗe.
Ya ce wace teku ce wannan?
Na rasa sunan da zan ba shi.

Inna ta taso, ba ta nemi izini ba,
ta ɗora yatsa a kan jan nan, ta danna.
Fentin bai gama bushewa ba.
Har yau tambarin yatsanta na nan,
shuɗin kuma ya kwana huɗu a ƙarƙashin farcenta.
Na ba ta kananzir ta goge,
ta zuba shi a fitila.