Kalma Ɗaya, Kwano Biyu

A asibitin Aberdeen, hawa na huɗu,
ruwan sama na ƙwanƙwasa taga tun asuba
kamar mai bin bashi.
Ƙanena Torquil na kwance.
Shekara talatin yana jan taru a teku,
yau kofin shayi ya fi ƙarfin hannunsa.

Ya ce, Ishbel, ke ce malamar Helenanci,
kar ki shafa mini mai a leɓe.
Wurin nan da aka ce a kira dattawa,
su zo da mai, su yi addu'a,
alkawarin me aka yi?
Zan tashi, ko kuwa?

Na zazzage jaka. Fassarar Turanci har uku,
duk a hannuna suka tsufa.
Ta fari ta ce ceto.
Ta biyu ta ce waraka.
Ta uku, sarkin wayo, ta ce sauƙi,
ta raɓe gefe kamar mai gudun ba da shaida.

A asali kuwa kalmar ɗaya ce: sozo.
Na rubuta ta a allo har alli ya ci mini yatsa,
na kayar da ɗalibai a kanta,
ban taɓa jin nauyinta ba sai yau.
Da ita ake tsamo wanda ruwa ya ci,
da ita ciwo ke sakin mai shi,
da ita rai ke tsira.
Mutanen da a tukunya ɗaya suka dafa su.
Turanci ne ya zo da kwano biyu,
ya ce zaɓi, jiki ko rai,
mai fassara ya tsaya da ludayi a hannu
yana zufa.

Na ce masa, akwai wata ma, kamno.
Mun ce majinyaci,
amma tana ɗaukar wanda ya gaji kawai,
wanda aiki ya tatse.
Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.
To ai ni aka kira da suna, in ji shi.

Sai ga Evanthia da kwanon ruwan ɗumi,
nas ce, 'yar garin Volos.
Ta leƙa takardata, ta karanta a fili
da lafazin da ba na makaranta ba,
na kasuwa, na uwa mai kiran yaro cin abinci.
Ta ce, a wurinmu motar asibiti
sunanta mai ɗaukar marasa ƙarfi.
Ta durƙusa, ta kwance masa safa,
ta wanke ƙafafun nan da gishiri ya tsattsage,
ta bi tsakanin yatsu ɗaya bayan ɗaya
tana mitar tsadar haya.

Ni kuwa na yi tsit,
don akwai kalma ta uku da ban faɗa ba:
terapewo.
Kafin ta zama magani, hidima ce,
tsayuwa kan wani, ɗauke masa tasa.
Ga ta durƙushe a gabana da soso,
ni ina neman ta a ƙamus.

Da dare ya raba ya ce, wacce kika zaɓa?
Na ce ban iya ba.
Ya ce, daren da jirginmu ya kife
gab da Peterhead,
wani ya wurgo igiya cikin duhu.
Ban tambaye ta ko jikina ta zo ɗauka
ko raina ba.
Kamawa na yi.

Dattawan coci sai gobe, in hanya ta buɗe.
Na ɗauki man shafawar da Evanthia ta bari,
mai ƙamshin lemo, na kanti,
na murza masa a goshi.
Ya riƙe mini wuyan hannu,
riƙon masunci,
bai saki ba har na daina ganin agogo.