Ƙanzo a Kan Salansa

Tsalha ya ce in hau da ita kan rami.
Na hau, na kashe, na fito.
Hantsi bai gama dubi a Ƙofar Ƙaura ba
amma ƙudaje sun riga kowa layi.

Ya leƙa ƙasa, ya ɗago yana toshe hanci:
"Yallaɓai, akuyar wa ka taka?"
Na ce ba akuya ba ce.
Na tuɓe riga, na ce miƙo tiyon,
wannan wankin nawa ne.

Jiya ne, tsakanin Shargalle da Mashi,
ina dawowa daga Daura bayan isha'i
da buhun taki uku da suka ƙi sayuwa,
rediyo na ta faɗin farashin gero,
sai ga idanu biyu a tsakiyar kwalta,
kore shar, ba sa ƙiftawa.
Na taka birki. Birki ya yi iyakar yinsa.
Motar ta yi ɗan tsalle
irin na mai tuntuɓe da dokin ƙofa.

Shekara arba'in da huɗu ina jin sunanta.
Baba ya ce a ƙuruciyarsu
da asuba ake korar su daga gonar wake.
Ni a bakin tsofaffi kawai na san barewa,
sai jiya, da fitilata ta nuna min ita
tsawon numfashi ɗaya.

Masu babur suka taru.
"Wuƙa! Wa ke da wuƙa? Za ta zama mushe!"
Wani ya laluba aljihu, ya fito da makulli.
Wani ya ruga rugar da ke hayi.
Kafin ya dawo ta daina shure-shure.
Muka ja ta gindin kalgo,
kowa ya kama gabansa yana jimamin nama.

Yanzu ga ni a rami, ruwa na bin hammatata.
Ban taɓa ganin cikin motata ba sai yau,
shekara tara muna tare.
Gashi ya naɗe a kan kusoshi,
ja-ja, da fari a bakinsa.
Jini ya gasu a jikin salansa
ya zama ƙanzo, kamar na gindin tukunya;
omo bai taɓa shi ba, kananzir ya gaza,
sai da na sa guntun langalanga ina kankara.
Wani siririn ƙashi ya faɗo min a ƙirji,
bai kai tsinken sakace biyu ba.

Ruwan ya fita ja, ya koma ruwan kasa,
ya ɗauki baƙin mai ya bi kwata.
Na ce an gama.
Sai hannuna ya kai bayan tankin mai,
ya dawo da wani abu fari, mai danƙo.
Na shinshina.
Tsami ne irin na ƙwaryar da aka manta a rana.

Nono ne.

Na daɗe a tsugune, tiyo na zuba a ƙafata.
Sun ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.
Ba su faɗi abin da ɗan yake yi ba
idan ta ce masa kwanta nan cikin sabara,
yanzu zan dawo.

Tsalha ya ƙi karɓar kuɗi, ya ce bai yi aiki ba.
Na biya kuɗin ruwa.
Motar ta fito tana ƙyalli har taya.

Da la'asar na ɗauko Hajjo daga islamiyya.
Muna wuce shataletale, inji ya ɗau zafi,
ta ɗaga hanci, ta leƙa ta taga:
"Baba, wa ke gasa nama?"
Na ɗaga gilas, na ƙara muryar rediyo.