Kwaɗon da Ba Ya Kuka

Babana, Malam Tanimu, makulli yake yankawa
a gefen Kasuwar Barci, ƙarƙashin rumfar kwano.
Yakan ce: kwaɗon kirki ba ya kunyar a leƙa cikinsa.
Maƙerin da ya ɓoye ƙirarsa, aibu yake ɓoyewa.
Sirri na ga makulli.
Ni kuwa ina kakkaɓe garin ƙarfe daga tabarma,
na ji da kunne, ban ji da kai ba.

Yau ni ce kan tsani a Unguwar Rimi,
ina jan igiyar sadarwa cikin silin ofisoshi,
gizo-gizo a ɗankwalina,
masu wucewa na cewa, mace da fulaya?
Sai na sauko, na kunna na'ura,
ƙaramin kwaɗo ya bayyana a saman allo,
bai kai ƙwayar wake ba.

Kafin kalma guda ta fita
sai na'urori biyu sun yi musafaha.
Wannan ta ce: ga harsunan da na iya.
Waccan ta ce: mu yi da na ƙarshe,
ga takardar shaidata, ga hatimin wanda ya tsaya mini.
Kowace ta jefa rabin lissafi a fili,
ta haɗiye rabi,
sai ga makulli ɗaya a hannu biyu
ba wanda ya ga wucewarsa kan hanya.

Wasu mutane ne, ban san fuskarsu ba,
suka shekara suna gardama kan lamba da waƙafi,
suka rubuta ƙa'ida, suka baza ta kamar shanya,
wai duk mai ido ya zo ya nemi ɓaraka.
Wadda ta tsufa a sauke ta, ba gaba, ba kunya.
Da Baba na da rai da ya gyaɗa kai,
ya koma kan magagarinsa.

Ni da Rifkatu mun riga su.
A firamare, can Kakuri,
zaurance muke yi a bencin baya,
har ranar da Malama Kande ta amsa mana da shi,
aji ya kwashe da dariya.
Ashe kwaɗonmu na kara ne.

Sai shekarar da gari ya tsage ta zo.
Muka kwaso tukwane zuwa Tudun Wada,
su suka gangara Narayi,
kogi ya kwanta a tsakani kamar wanda aka sa gadi.
Gada tana nan, ƙafa ce ta yi nauyi.

Daren jiya, ƙarfe ɗaya saura,
an ɗauke wuta, janareton maƙwabta ya gaji,
saƙonta ya shigo daga gadon asibiti.
Ya bi ta turakun Barnawa,
ya ratsa hannun baƙi, wataƙila ya kewaya har teku,
don tafiyar da keke napep ke yi a rabin awa.
Duk inda ya yada zango, tsakuwa suka gani.
Sun san mun yi magana, sun san lokaci,
sun auna nauyin abin, ba su san ɗanɗanonsa ba.

Abin da ta faɗa?
Ai ku ma kuna kan hanya ne.

Na karanta sau uku.
Ƙanena Ɗanliti ya motsa a bayana, ya ce, Yaya, kuka kike?
Na kife wayar a cinya.
Kwaɗo hanya yake tsarewa, ba ya tsare ɗaki,
sauran aikin na mai riƙo ne.

Can bakin kogi kwaɗin damina sun cika dare,
kowane na shelar abin da ke cikinsa.
Nawa na nan a tafin hannu, bakinsa gum.
Na rubuta mata da tsohon zaurancenmu,
wanda kowa ya iya karyawa,
cewa gobe in Allah ya kai mu zan haye gada,
ta faɗa mini ko har yanzu ba ta shan kunu da tsamiya.