Mai Igiya Huɗu

Sunansa a jikin kaset baƙaƙe ne cunkus,
wasali ɗaya tak ya maƙale a tsakiya
kamar ɗan akuya a motar shanu.
Na gwada kira, harshena ya harɗe,
sai na raɗa masa nawa: Mai Igiya Huɗu.

Kawu Arzika ya kawo su, kaset bakwai a kwalin sabulu.
Shekara shida yana tuƙa wani likitan ƙashi, Bature.
Da zai koma ƙasarsu ya bar masa fanka da waɗannan.
Kawu ya riƙe fanka,
ya ce, "Kai mai gyaran rediyo, ga abin gwaji."

Gwajin kuwa na sa,
wata azahar da kwalta ke narkewa a hanyar Tsohuwar Kasuwa.
Mai ƙaho ya ɓarke da ihu,
mai fiyano na zuba kamar carbi ya tsinke.
Har na kai hannu zan kashe
sai na ji wani can ƙarƙashinsu
yana tafiya.
Ba ya gudu, ba ya tsayawa,
takun raƙumin da ya san akwai rijiya a gaba.

Ga hotonsa a bayan kwali:
siriri, gemu kamar audugar rimi,
ya rungume wani goge da ya fi shi tsawo,
ya manna kunne a wuyan itacen
kamar mai sauraron wasiyya.

Ɗan Ige mai faci ya leƙo rumfa:
"Mi kaka ji cikin wanga abu?
Babu waƙa, babu kirari, ba a ambaci uban kowa ba."
Na ce to ai shi ne.
Bai san ni ba, bai roƙe ni ba,
yana dai riƙe da ginin ne
don na sama su yi tsallensu.

Kaset na uku, fuska ta biyu,
nan ne duk suka yi shiru suka bar masa fili.
Kana jin fatar yatsa tana goga igiya,
kana jin ya ja numfashi ta hanci,
wani ya yi tari a ƙarshen ɗaki, cokali ya taɓa kofi.
Shi na kunna daren da haihuwar Kulu ta zo da gardama,
aka ce maza su koma gida.
Na zauna a tsakar gidanmu na Mabera, babu wuta,
batir huɗu na raba dare da su
har ladan ya karɓe ni.

Rediyo ta taɓa tauna shi.
Na zaro zaren da tsinken tsire,
na yanke inda ya yamutse,
na liƙe da jan farcen Kulu, na naɗe da biro.
Daƙiƙa huɗu suka tafi.
Shekara ashirin da ɗoriya ina cike gurbin da kaina,
yau in sa shi ya hau, gobe in sa shi ya gangara.

Bara Sa'adu, yaron wancan daren,
ya kwafi baƙaƙen nan ya zuba a waya.
Ya ce, "Baba, mutuminka ya rasu tuntuni.
Garinsu ma rana ba ta cika fitowa."
Na dubi tamu da ke soya kwanon rumfa,
na ce da ana aikawa.

Sai ya kunna mini wajen, garau, babu tabo.
Na kasa kunne in ji abin da na rasa.
Ashe bai hau ba, bai gangara ba.
Igiya ɗaya ya ja,
ya ɗauke hannu,
ya tsaya yana jin ta tare da mu
har ta ƙare don kanta.

Na miƙa wa yaro wayarsa.
Akwai rediyon wata tsohuwa daga Kware tana jiran kwandansa,
na hura gawayi, na ɗora ƙarfen darma.