Man Keke

Ni Sada, tela a Ƙofar Guga,
shagona taku huɗu ne da rabi,
ƙofa ɗaya, taga babu.
Shekara goma sha tara ina taka keke,
ban taɓa barin sa ya kwana da ƙishi ba.

Kowace safiya, kafin in ce wa kowa ina kwana,
sai na ɗiga masa mai a gaɓoɓi bakwai,
in share masa gashin zare da tsohon buroshi,
in kasa kunne ga muryarsa kamar ta jinjiri.
Ni kuwa shayina yakan huce a kan benci
har ƙuda ya faɗa ya koyi iyo.

Wata Laraba, saura kwana tara salla,
shadda ta taru har ta tare mini haske.
Na miƙe in ɗauko almakashi,
sai ƙasa ta juya da ni kamar mazari.
Na farka da ruwa a fuska,
Baba Abashe mai gyaran rediyo na tsaye a kaina.

Ya ce, "Wanga ƙarfe da mutum ya ƙera
kullum kana ba shi mai.
Kai da Allah ya ƙera, wa ke ba ka?"
Ban amsa ba. Bakina ya bushe kamar ƙanzo.

Ban canza sana'a ba,
ban tafi hutu ko'ina ba, ina na ga kuɗin?
Tulu kawai na saya wajen Tasalla,
na girke shi nesa da keke, can bakin ƙofa,
don ƙishi ya riƙa tashe ni tsaye.
Taku huɗu zuwa, taku huɗu dawowa,
bayana ya ce ƙas, ya yi godiya.

In ido ya gaji da kafar allura
nakan fita in nemi abin da ya fi nisa,
ko shirwa ce mai shawagi can wajen Gobarau,
in bi ta da kallo har ruwan ido ya dawo.

Da azahar nakan ba keke baya.
In kife waya kamar ƙwarya,
in wanke hannu, in zauna ƙasa,
in ci ɗanwakena da zafinsa.
Ashe Indo tana sa ƙwai a ciki!
Shekara uku ina haɗiya ban sani ba.

Mai wuyar ita ce kalma guda.
Alhaji Dikko ya zo da yadi goma, saura kwana uku.
Na ce, "Alhaji, sai bayan salla."
Wallahi ta fi aska takwas wuyar fita.
Ya naɗe kayansa, ko sallama babu.
Na zauna ina jiran sama ta faɗo,
sai la'asar ta yi kamar kullum.

Yanzu in an yi isha'i nakan sa kwaɗo,
ko da a lokacin aka kawo wuta,
ko da injinan layi duka sun ɗau guɗa.
In taka da ƙafa har gida,
in tarar da Sahura ba ta yi barci ba,
ta nuna mini giɓin haƙorinta na gaba.

Kada in yi ƙarya, jiya na zame:
ƙarfe ɗayan dare ta same ni kan wuyan riga.
Sai na ji ƙwas-ƙwas a jikin bango,
Baba Abashe ne da gindin sukudireba.
Na kashe fitila ina dariya.

Da safe na ɗiga wa keke bakwai ɗinsa.
Sannan na buɗe ɗan gwangwanin man kaɗanya,
na zauna, na cire takalmi,
na shafa wa diddigen da ke taka shi.